Ragon Suna da Ledar Dubai

Mudassir mai leda, wanda kullum yake cika baki a kasuwar Grand Marché wai hajarsa daga Dubai take tasowa, yau bakin ya mutu. Gobe sunan ɗansa na fari, ga ragon da ya kiwata a tsakar gida a unguwar Amriguébé kwance, ciki ya kumbura kamar ganga, yana numfashi da ƙyar.

"Goggo, a ba shi kanwa mana!" in ji Mudassir.

"Tun safe nake ɗura masa," in ji Goggo, yayar babansa. "In ya cika ba wuƙa, mushe ne. Sai ka yi taron suna da ruwan shayi."

"To ai sai gobe ake yankawa!"

"Gaya wa ragon ya jira goben."

Rago ya miƙe ƙafafu, ido ya soma juyewa. Mudassir ya kwasa da gudu ba takalmi, ya jawo Malam Zakariya liman daga ƙofar masallaci. Malam ya dafa wuyan ragon, ya ce, "Da sauran rai. Faɗi sunan yaron, maza!"

Sunan da ya ɓoye wa kowa sai gobe, ya faɗe shi gaban kaji: "Siradji!"

Wuƙa ta sauka, jini ya yi tsartuwa, rago ya shura. Ya halatta.

Da aka farke tumbi, sai ga baƙar leda dunƙule guda, girmanta ya kai kan mutum. Goggo ta ɗago ta da sanda.

"Ungo, ɗan Dubai. Hajarka ta dawo gida."