Baƙar Gitar Injiniya

Dogo bai taɓa kawowa a ransa akwai ranar da zai zauna a kujera yana kallon wani riƙe da gitar bes a gefen yayansa ba. Shekara goma sha shida wurin nasa ne. Yaya na waƙa, mai ganga na baya, wani malamin makaranta na kaɗa ƙaramar gita, shi kuma Dogo yana tsaye da tsohuwar bes ɗinsa mai kaurin murya, yana riƙe musu gindin waƙa. Kiɗan kantiri suke yi, irin wanda direbobin manyan motoci ke mutuwar so, mai tafiya a hankali, waƙoƙin doguwar hanya da gidan da aka baro. Duk Lahadi da la'asar sukan ture kujerun mutane gefe a shagon Yaya, wanda sana'arsa gyaran kujeru ce, su yi gwaji cikin ɓurɓushin soso da warin gam.

Sai tsani ya zame da Dogo a wurin fenti, wuyan hannunsa na hagu ya karye. Likita ya ɗaure shi da filasta, ya ce sai bayan wata biyu. Ga shi kuwa saura mako uku a yi taron sallamar tsofaffin direbobin wani kamfanin sufuri, kuma tun tuni aka kama su za su yi wasa.

"Injiniya zai riƙe mana," in ji Yaya.

Injiniya mijin babbar 'yar Yaya ne, mai aikin lantarki, mutum mai sanyin hali da yawan gaisuwa. Abin da Dogo bai sani ba shi ne, a zamanin samartakarsa ya yi shekaru yana kiɗan rok, wannan mai hayaniya da girgiza kai. Ranar Lahadi ya shigo da doguwar jaka, ya durƙusa ya gaida Dogo, sannan ya zuge. Gitar da ya fito da ita baƙa ce wuluk, tana sheƙi, jikinta duk kusurwa da tsini kamar an yanko ta daga ƙofar ƙarfe.

Dogo ya yi dariya har da buga cinya da hannunsa mai lafiya.

"Wannan kuma yaƙi za a je da ita? Yaya, wallahi wannan ba ta kantiri ba ce. An yi ta ne don tada matattu."

"Baffa, ai gwadawa za a yi," in ji Injiniya, kansa a ƙasa.

Aka gwada, abin kuwa ya yi muni yadda Dogo ke so. Injiniya na dukan tsirkiya da 'yar roba, kowane bugu na fitowa da ƙarar ƙarfe, ƙwal, ƙwal, ga yatsunsa ba sa zama wuri ɗaya, sai hawa da sauka suke kamar ana korarsu. Muryar Yaya ta nutse. Mai ganga ya ɓata lissafi sau biyu, ya ajiye sanduna. Dogo ya miƙe ƙafa a kan kujerar wata mata da aka kawo gyara, ransa fari ƙal. Tun da ya faɗo daga tsani bai ji daɗi irin na wannan la'asar ba.

"Ai na faɗa," ya ce. "Kowane kiɗa da kayansa."

"To tunda ka sani, gyara masa mana," in ji Yaya. "Ko dai bakin ne kawai?"

Da Dogo ya yi shiru a nan, da shi ke nan. Amma Dogo mutum ne da ba ya iya barin a yi shakkar saninsa, ko da a kan yadda ake ɗaura igiyar takalmi ne. Ya tashi, ya tsinci wani guntun soso rawaya a ƙarƙashin teburin Yaya, ya sa malamin makaranta ya yanka masa shi siriri, tsawon ɗan yatsa biyu. Ya ce Injiniya ya ɗaga tsirkiyoyin, ya cusa soson a ƙarƙashinsu, can gindi, daf da jaki, ɗan ƙarfen da suke hawa. Ya murɗe maɓallin da ke rage kaifin sauti har ƙarshe. Ya karɓe 'yar robar ya jefa a aljihun Injiniya.

"Da naman babban yatsa ake taɓa ta, nan kusa da wuya. Kuma murya biyu kawai, ɗaya ƙasa, ɗaya sama. Ka buga, ka jira. Ka buga, ka jira. Jiran shi ne kiɗan. Ku 'yan rok ba ku san jira ba."

Ya faɗi haka ne don ya nuna wa Yaya tazarar da ke tsakanin gwani da ɗan koyo. Mai ganga ya ƙirga, aka shiga. Sautin da ya fito daga lasifika sai da ya sa Dogo ya koma ya zauna. Dum, dum, mai kauri, mai laushi, kowane bugu ya faɗo ya mutu a kan lokacinsa, babu jela. Tsohuwar gitar Dogo, da wuyanta ya ɗan karkace tun shekaru, ba ta taɓa yin wannan muryar ba. Yaya ya lumshe ido yana waƙa, har ya kai baiti na ƙarshe bai buɗe ba.

"Kai!" in ji mai ganga. "Ashe haka gindin waƙar nan yake?"

Shekara goma sha shida Dogo yana kaɗa wa wannan mutumin waƙar nan, yau yake tambaya.

Kishi ya kama Dogo, irin wanda ke hana cin abinci. A gida matarsa ta ce ai sai a gode wa Allah da aka sami na gida ya riƙe, ya harare ta kamar ita ta ture tsanin. Lahadi ta biyu ya tarar masu wucewa sun tsaya a ƙofar shago suna saurare, har da mai kantin magani na tsallake, wanda bai taɓa ƙetaro titi don su ba. Lahadi ta uku Yaya ya tsaya a tsakiyar gwaji yana tambayar Injiniya ko a ɗan rage saurin wata waƙa. Dogo ya duba ya ga ba wanda ya kalli inda yake. Abin da ya fi ci masa rai, Injiniya bai canza ba. Kullum sai ya zo ya durƙusa, ya ce, "Baffa, ya na yi yau? Akwai gyara?" Mutum ya rasa ma inda zai kama shi ya tsane shi da hujja.

Ranar taro, zauren kamfanin ya cika tun azahar, fankoki na juyawa, tsofaffin direbobi a layin gaba da iyalansu. An jera kayan kiɗa a bayan labule, 'yan ƙungiya suka fita gaida shugabannin kamfani. Dogo ya ce hannunsa na ciwo, zai zauna. Baƙar gitar na jingine a mazauninta, soson nan rawaya na leƙowa daga gindin tsirkiyoyi.

Nawa ne ai, ya ce a ransa. Ni na sa shi.

Da hannu ɗaya abin bai yiwu ba. Sai da ya sa yatsun da suka leƙo daga filasta ya ɗaga tsirkiyoyin, zafi ya harba masa har kafaɗa, ya zaro soson da na dama, ya tura a aljihu. Ya zagaya ya zauna a cikin jama'a.

Aka yaye labule. Bugun farko ya fito da ƙara, ya ja jela a cikin zauren. Injiniya ya dubi gindin gitar, sau ɗaya. Bai dubi kowa ba. Sai ya sauke hannunsa baya, ya kwantar da gefen tafinsa a kan tsirkiyoyin, daidai inda soson yake, ya ci gaba da babban yatsa. Kafin Yaya ya buɗe baki, dum ɗin nan ya dawo. Awa ɗaya da rabi ya yi a haka, hannu a lanƙwashe, gumi na ɗiga daga gwiwar hannunsa, bai saki ko sau ɗaya ba. Wani tsohon direba kusa da Dogo ya cire tabarau yana share ido, ya dafa shi ya ce, "Malam, ka ji mai baƙar gitar nan? Kamar injin mota mai lafiya." Dogo ya gyaɗa kai.

Bayan an tashi, ana kwashe wayoyi, Yaya ya ja shi zuwa wani lungu kusa da matakala. Ya miƙa tafin hannu.

"Ba ni."

"Me?"

"Dogo, shekara talatin ina yankan soso. Dubi bakin filastarka."

Ɓurɓushi ne rawaya, uku ko huɗu, maƙale a zaren bandeji. Dogo ya zaro soson ya ɗora a hannun yayansa.

"Jiya yaron nan ya same ni," in ji Yaya, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ya ce daga taron nan ya gama, wurin na Baffa ne, shi aro ya yi. Na ce masa ai ko bai faɗa ba haka ne. Ban taɓa tunanin wani abu daban ba, wallahi."

"Yaya…"

"Yanzu zan je in roƙe shi ya ci gaba da riƙe wurin. Ba don ya fi ka ba. Ni dai ba zan iya waƙa ina tunanin abin da na gefena ke ƙullawa ba."

Ya juya ya tafi wajen mai ganga. Dogo ya tsaya a lungun har aka gama loda kaya. Da ya fito, motar Injiniya ce kaɗai ta rage a harabar, shi kuma yana tsaye ya buɗe ƙofar gaba, yana murza wuyan hannunsa na dama.

"Baffa, shigo gaba," ya ce. "Baya akwai kaya, kada su bugi hannun."