Bishiyar Bakin Rijiya

"Ɗauke kunun nan," in ji Baba Shitu, ya juyar da fuska bango. "Kira min Ƙasimu."

Ƙasimu na ƙofar gida yana kwance jarkoki daga bayan babur, Zainaba 'yar tsohon ta leƙo ta yafito shi. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Rano, kuma tun yana rarrafe yake shiga gidan nan ba sallama. Ya goge hannu a wando ya bi ta.

Ɗakin ya ɗauki zafi. Tsohon na kwance a katifa, carbi a wuya, ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa.

"Sarkin yawo," ya ce, murya can ƙasa. "Yau wace ƙasa aka ci da yaƙi?"

"Kano kawai, Baba. Kaya na ɗauko."

"Ruwan jarkar nan naka."

"Shi."

Sana'ar Ƙasimu ke nan tun da ya watsar da makaranta a aji biyu na sakandare, bayan ya taɓa faci, ya taɓa cajin waya, ya taɓa kiwon kaji. Yakan sari ruwan mangwaro da na abarba mai kauri kamar zuma, wanda kamfani ke dafewa ya ɗura a jarka, ya raba wa matan da ke ƙulla lemo a leda daga Rano har Kibiya. Murfi biyu, a tsarma da ruwa, an sami jug guda. Yakan bugi ƙirji ya ce ba a haifi harshen da zai bambance shi da na bishiya ba.

"Kwana uku ba abin da ya shiga cikinsa," in ji Zainaba. "Yanzu kuma wai mangwaro."

"Ba kowanne ba," in ji tsohon. "Na Jumai. Ka je Durba ka tsinko min ko biyu ne, a matse min. Yanzu ta nuna."

Ƙasimu ya kau da kai.

Tun da ƙafa ta hana Baba Shitu tafiya, lambunsa na Durba yake hannun Ƙasimu. Bishiya goma sha bakwai ne. Sha shida akan sayar tun 'ya'yan na ɗanye a sama, masu saya wa kamfani su zo da mota su kaɗe. Ɗaya ce ba a taɓawa, ta bakin rijiya, wadda matarsa marigayiya Jumai ta binne ƙwallonta da hannunta shekarar da ta tare. 'Ya'yanta ƙanana ne, zare fal, kasuwa ba ta so. Sati uku da suka wuce Mato dillali ya bugo waya daga lambun, Ƙasimu na tasha yana sauri.

"Motar ba ta cika ba. Ga wata nan a bakin rijiya ta yi lodi."

"Waccan ta gida ce. Zare gare ta."

"Inji ina ruwansa da zare? Mu kaɗe ko mu bari?"

Direban motar da zai shiga na ta danna ham. Ƙasimu ya ce, "Ku kaɗe," ya kashe waya. Bai sake taka lambun ba.

"To, Baba," ya ce yanzu. "Kafin la'asar na dawo."

"Zainaba, karyo min tsinke a sabuwar tsintsiya," in ji tsohon, har da ɗan murmushi. "Uwarki kan ce wanda zai sha mangwaronta ya fara neman tsinke."

Ƙasimu ya tashi babur ya ɗauki hanyar Kibiya, wadda ke kai wa Durba, da gaske. A bakin gari ya tsaya. Me zai je yi? Ya kalli ganye? Ya leƙa farantan masu talla, duk manya ne na aure, an nuka su dole, ciki fari. Sai ya shige rumfar wani mai faci ya zauna, yana kallon motoci, yana ƙirga lokacin da zuwa Durba da dawowa kan ci. Da inuwa ta karkata ya koma gida ta bayan layi, ya tura ƙofar ɗakinsa, ya buɗe jarka. Murfi biyu. Ruwan randa. Ya juya da cokali, ya ga kalar ta cika haske, ya ƙara kauri.

"Har ka matse?" in ji Zainaba da ta ga kofin. "Kai, Allah ya biya ka. Dubi yadda ka yi gumi."

Ta tallafo kan mahaifinta. Tsinken na tsakanin yatsunsa. Ya yi bisimilla ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ƙasimu na kallon harshen tsohon yana zagaya 'yan haƙoran da suka rage masa, a hankali, sama da ƙasa, yana neman abin da babu.

"Rijiyar da ruwa?"

"Da ruwa, Baba."

"Ita kuma ta yi 'ya'ya bana?"

"Ta yi."

Baba Shitu ya dube shi. Ba harara ba ce. Irin kallon da ya yi masa ne ranar da ya gan shi a tasha da kayan makaranta a jaka, bai kuma faɗa wa kowa ba. Sannan ya mai da baki kan kofin ya shanye tas, yana hutawa yana komawa, har Zainaba ta fara hawaye don murna.

"Alhamdu lillahi," ya ce. Ya ajiye tsinken a gefen katifa. "Rana ta dake ka, Ƙasimu. Allah ya yi maka albarka."

"Baba..."

"Bar shi ya huta," in ji Zainaba. "Gobe kwa yi hirarku."

Gobe, in ji Ƙasimu a ransa. Gobe zai shigo da sassafe ya durƙusa ya faɗa, tsohon ya zage shi, a wuce wurin. Da zai fita ya sunkuya ya ɗauke tsinken, shi kansa bai san dalili ba.

Da sassafen sai wata mai lemo ta kira daga Saji, kayanta sun ƙare, ga biki. Ya ce bari ya kai ya dawo. Da hantsi ya shigo layinsu ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Shi ya kama gaban makara. Kafin azahar an rufe Baba Shitu. Abin da ya fi makarar nauyi shi ne zaman makoki, don duk matar da ta shiga gaisuwa sai muryar Zainaba ta tsallako katanga: "Abin da ya sa a cikinsa na ƙarshe mangwaron Inna ne. Ƙasimu ne ya je har Durba cikin ranar nan. Ɗan da ka haifa ma sai haka." Maza a waje suna dafa kafaɗarsa. Liman ya ce ladansa na wurin Allah. Ƙasimu ya ce amin, bakinsa kamar ya tauna toka.

Ranar uku, da aka shafa addu'a, ya hau babur bai tsaya ko'ina ba sai Durba.

Lambun shiru. Karyayyun rassa a ƙasa, ganye ya bushe inda gorar masu kaɗa ta bi. Ya nufi bakin rijiya ya tsaya a gindin bishiyar, ya ɗaga kai don ya ga ɓarnar da idonsa.

Can ƙololuwa, inda gora ba ta kai ba, guda huɗu na reto, sun yi jawur. Hawa ɗaya ne. Yaro ma zai iya.

Na biyar ya riga ya faɗo, yana kan dakalin rijiyar, ya fashe ta gefe, kiyashi sun yi layi. Ƙasimu ya ɗauka ya hure su, ya zauna a dakalin. Ya daɗe yana riƙe da shi kafin ya kai baki. Zaƙi da ɗan tsami, da ɗumin rana. Zaren ya cika masa haƙora.

Tsinken na aljihun gaban rigarsa, yana jin tsininsa a ƙirji. Bai ciro ba.