Akwatin Mai Tafki

Shekara uku Tamimu ya yi yana kwana ɗaki ɗaya da wani Ba'indiye a unguwar Ulaisha, can ƙasar Larabawa, tare suke aikin fenti, amma ko sau ɗaya bai tambayi sunansa na gaskiya ba. Larabawa na ce masa Sadik, wato aboki, yadda suke ce wa kowane baƙo. Hausawan gidan kuwa suka laƙaba masa Mai Tafki, don ba shi da hira sai ta garinsu.

Ai kuwa Tamimu ya sha wannan hira har ta gundure shi. Ƙaramin gari ne mai tafki biyar, kowanne da ɗakin bautar Hindu a bakinsa, da matakalar dutse har cikin ruwa. Kifaye sun yi ɓul-ɓul don ba mai kama su, birai na fizge ayaba a hannun maziyarta, ƙararrawa na tashin mutane tun da asuba. Da ya fara, sai Tamimu ya ja tsaki ya juya baya.

Ranar da aka tare Mai Tafki a hanya, aka tarar iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, aka tsare shi, sai ya ari wayar wani ya kira Tamimu. Akwatinsa na ƙarƙashin gado, kayan auren 'yarsa ne da ya daɗe yana tarawa, biki kuma saura wata biyu.

"Ka aika mini akwatin gida, Tamim. Ai ka san garin."

Daga nan layi ya yanke, bai sake shiga ba.

Tamimu ya kinkimi akwati sai kasuwar Batha, wajen masu aika kaya Indiya. Mai shago ya ɗauki biro ya tambayi sunan mai kaya da na gari. Nan gogan naka ya yi turus. Sai ya shiga kwatance, ya kawo tafkuna, ya kawo birai, har da kifayen.

"Ya Hajji, irin wannan gari a Indiya sun fi dubu," in ji mai shago. "Suna nake so."

Shago shida ya shiga cikin ranar nan mai ƙona ƙeya, amsar ɗaya ce. Ɗan kwangilar da suke wa aiki ya ce shi aikin yini yake ba mutane, ba ya ajiye takardar kowa. Tamimu ya zazzage akwatin a ɗaki: zannuwa, awarwaro, agogon ango, babu ko guntuwar takarda. Takaici ya ishe shi, har yana zagin mutumin da ya iya surutu amma bai iya rubuta adireshi ba.

Basiru, maƙwabcin ɗakinsu, ya leƙo ya tambaye shi ina kalandar nan da ke bango a da, mai hoton tafki, wadda aka rubuta sunan garin da manyan haruffa a ƙasa.

Nan take Tamimu ya tuna. A makonsa na farko a ɗakin ya rantse ba zai yi salla kusa da hoton ɗakin gumaka ba, ya jira mutumin ya fita, ya yage ta ya kai shara. Mai Tafki ya dawo ya dubi bango, ya ga wayam. Tun daga ranar ne ya fara ba da labarin garin da baki.

Kunya ta rufe Tamimu. Ya ninke zannuwan ɗaya bayan ɗaya ya mayar, ya tura akwatin jikin bango, daidai ƙarƙashin ƙusar da har yanzu ba a cire ba.