Katifar Yusra

Duk benenmu a unguwar Park Hill, nan Amurka, ba wanda bai san Yusra na fitsarin kwance ba, kuma gwaggonta, Hajiya Nimatu, ce ta yi shelar. Yayar uban yarinyar ce, Wahab mai tuƙa tasi. Ni ƙanwar uwar ce, kuma tun ranar da na fara ganin matar nan jinina bai haɗu da nata ba. Tana ji da tsafta kamar ita ta ƙirƙiro sabulu. Kullum da safe sai ta jawo katifar ta jingine a bakin ƙofa, wai ta sha iska, duk mai wucewa ya gani. Yarinya 'yar shekara takwas fa.

Magungunanta kuwa ba sa ƙarewa. Ta hana ta ruwa daga la'asar, ta ɗura mata rubutu, ta sa an aiko saiwoyi daga Kumasi. Har cewa ta yi da a gida Zangon Kumasi ne, da tuni an ɗaura mata kwaɗo a ƙugu ta shiga hankalinta. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ta yanke hukunci: sangartar Amurka ce, a mayar da ita gida wajen kaka. Wahab, da ba ya iya tari a gaban yayarsa, ya ce to. Yayata kuma ta hau kuka, abin da ta fi ƙwarewa a kai.

Aikina jinyar tsofaffi ne, na san yadda mai cushewar ciki yake zama a kujera. Haka Yusra take zama. Na ja ta asibitin yara a unguwar Stapleton, Hajiya ta yafa gyale ta biyo mu, don kada a yi abu ba da ita ba.

Likitar ta danna cikin yarinyar ta ji shi da tauri. Ta ce bayan gida ne ya cushe a hanji ya danne mafitsara, shi ya sa ba ta iya riƙe fitsari in ta yi barci. Ta tambayi Yusra sau nawa take zagayawa a makaranta.

Yusra ta sunkuyar da kai. "Never. School ɗinmu babu buta. Anti Nimatu ta ce wanda ya yi da tissue ƙazami ne, sallarsa ba ta karɓuwa."

Shekara biyu ke nan tana matsewa daga safe har yamma. Na juya na kalli Hajiya, ina jiran ko kunya ta kama ta. Ina!

"To ƙarya na yi mata?" in ji ta. "Tsafta ta zama laifi?"

Aka ba mu maganin sassauta ciki, na saya wa Yusra gorar ruwa ta riƙa shiga bayi da ita. Cikin wata guda katifa ta fara kwana a bushe. Wahab ya ce an ɗage tafiya. Ɗagewa ya ce, bai ce an fasa ba.

Ranar Asabar na je na tarar da akwati a ƙarƙashin gadon Yusra, ta shirya kayanta tsaf, ba wanda ya sa ta. Na kira uban ya gani.

"Baba," in ji Yusra, "in na sake yi sau ɗaya, zan tafi?"

Wahab ya buɗe baki, sai ya waiga yana neman idon yayarsa.