Takalmin da Bai Yi Laifi Ba

Da Hias ya sake turo ƙofar shagon rungume da takalmansa na sulu, wato wasan zamiya a kan ƙanƙara, Vroni mai gyaran takalma ta san ƙarya ce ta kawo shi. Makon jiya ya ce takalmin na karkatar da shi hagu a gangaren dutse, yau kuma wai dama. Ita ko ta gaji da jiran abin da bakinsa ya kasa faɗa.

"Sa su mu gani, sarkin faɗuwa," in ji ta.

Ta ɗaure maɗauran tamau har ƙarshe, ta rataya zare mai dalma daga gwiwarsa zuwa babban yatsa.

"Lanƙwasa gwiwa. Zuba nauyinka gaba. Kada ka motsa sai zaren ya tsaya cak."

Ta koma kusa da murhu ta zauna, tana kurɓar gahawa a hankali. Cinyoyin Hias suka fara rawa, zaren ma ya kama rawa, gumi na tsiyaya.

"Vroni, yatsuna sun mutu!"

"Haƙuri, ɗan samari. In zaren ya ƙi tsayawa, sai na fasa takalmin na sake gini, mako guda ba sulu."

"Kai! Lafiyarsa ƙalau! Rawar Asabar nake so ki raka ni, shi ke nan!"

Ta ajiye kofin, ta tsuguna ta kwance maɗauri ɗaya tak.

"Na ji. Sauran kuma sai ka yi rantsuwa ba za ka taka min ƙafa a filin rawa ba."