Matar da Ke Tonon Dankali a Bakin Katanga

Shekarar da na bar aikin dafa wa 'yan makaranta abinci, ƙaramar hukuma ta yanka filin da ke bayan tsohon gidan gajiyayyu ta raba wa masu son lambu. Mu ashirin da biyu muka samu. Nawa ya faɗo kusa da na Fintan Gavaghan, tsoho ɗan shekara saba'in da tara wanda bakinsa ba ya hutawa. Daga nasa sai katangar dutse, amma tsakanin kunyarsa ta ƙarshe da katangar akwai wani ɗan fili da ba a ba kowa ba, ciyawa mai ƙaiƙayi ta cinye shi.

Na yi kunya shida ta dankalin Turawa, na kafa rumfar leda na dasa tumatir ashirin a ciki. Rumfar nan ita ce abin tsokanar Fintan.

"Dervla, uwar tumatir! A cikin sanyin nan namu na Mayo za ki yi noman mutanen Italiya? Ki saya musu riguna mana, kada mura ta kama su."

"Kai dai ka ji da gwiwarka, tsoho."

A makon farko na watan Agusta iska ta tsaya cak. Yayyafi mai ɗumi ya sauka, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya manne masa riga a baya, ya kwana uku bai ɗauke ba. Gidan rediyo ya yi ta gargaɗi cewa yanayin cutar ruɓar dankali ne, kowa ya yi feshi. Fintan ya goya tankin feshinsa ya bi kunya-kunya har maganin ya mayar da ganyensa shuɗi.

"Kin yi feshi, yarinya?" Haka yake ce mini, ni da nake da jikoki uku.

"Gobe."

"Goben nan taki tun Litinin take tafe. Ko motar Dublin ta fi ta sauri."

Ran Juma'a da safe tun daga ƙofar lambu na ji warin. Ba ya kama da na taki ko na ruɓaɓɓen kabeji. Wari ne mai ɗan zaƙi da ke tsayawa a maƙogwaro. Ganyen dankalina duk ya yi tabo ruwan ƙasa, kamar an ɗiga masa shayi. Na juya ɗaya, ƙarƙashinsa farin gashi-gashi ne. Na shiga rumfa, na tarar karan tumatir ya yi baƙin zane, 'ya'yan kuma tun suna kore sun fara ƙuna daga wuya. Har ga Allah na yi kuka a cikin rumfar nan. Lambun kowa haka yake, sai na Fintan kaɗai da ke tsaye kore shar.

Na wuni ina yanke ganye ina cusawa a buhu, don kada cutar ta bi kara ta sauka cikin ƙasa. Wajen ƙarfe huɗu hazo ya taso daga teku, sauran mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ina ɗaure buhu na ƙarshe sai na ji ana tono.

Ba ƙarar shebur ba ce. Hannu ne a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Na zaga ta bayan rumfa. A ɗan filin nan na bakin katanga wata mata ce durƙushe cikin ciyawar ƙaiƙayi, ta rufe kai da baƙin mayafi. Ƙafarta ba takalmi. Abin da ya fara zuwa raina shi ne ko ba ta da lafiyar ƙwaƙwalwa, ta sulale daga asibiti.

"Sannu, baiwar Allah. Ciyawar nan za ta cinye miki hannu."

Ba ta ɗago ba. Ta zaro wani abu daga ƙasa, ta matsa shi, ya fashe ya zubo baƙin ruwa tsakanin yatsunta. Dankali ne. A wurin da babu wanda ya shuka komai.

"Naku ma sun tafi?" ta ce.

Da tsohon harshenmu ta yi maganar, wanda rabona da shi tun ina makaranta, amma na ji kowace kalma, kuma da shi na ji bakina yana amsawa.

"Ganyen ya tafi. Na ƙasa ban sani ba tukuna."

"Kunya uku na tona tun safe. Ko ɗaya mai kyau babu. Ga yara huɗu."

Sai ta ɗago. Ba tsohuwa ba ce, da wuya ta kai talatin, amma fatar fuskarta ta manne da ƙashi, kuma gefen bakinta kore ne, kamar na mai cin ɗanyar ciyawa.

Akwai bokitin dankalin farko da na tona tun watan Yuli, yana cikin ɗan ɗakin kayana, lafiyayyu ƙalau. Na ruga na ɗebo cikin rigata. Na zaɓi mafi girma na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu.

Ina kallo ya canja. Fatar ta yi duhu daga inda yatsunta suka taɓa, duhun ya bazu, dankalin ya lotsa kamar an hura shi an sake, ruwa ya biyo gwiwar hannunta. Warin ya bugi hancina.

Ta dube shi, ba fushi ba mamaki. "Wannan ma," ta ce. Ta ajiye shi a hankali, ta koma tono.

Ban san lokacin da na saki sauran ba. Sai ganina na yi a cikin motata.

Gidan Fintan na wuce kai tsaye. Ya buɗe ƙofa da cokali a hannu.

"Uwar tumatir! An yi jana'izar 'ya'yan ne, aka zo karɓar gaisuwa?"

Na ce, "Akwai wata mata a bakin katanga."

Ya ajiye cokalin. Ya ja mini kujera, ya zuba mini shayi, ya zuba sukari uku bai tambaye ni ba.

"Ta yi miki magana?"

"Ka san ta ke nan."

"Sau ɗaya na gan ta. Ina ɗan shekara ashirin da biyar, babana ya karɓi hayar filin nan muka zuba dankali. Shekarar ma cuta ta sauka. Muka same ta a daidai wurin nan. Babana ya ɗauka ɓarauniya ce, ya jefe ta da hoge."

"Sai me ya faru?"

"Ba komai. Ta juyo ta dube shi, ta ci gaba da tononta. Shekara goma sha ɗaya ya yi bayan haka, bai sake sa dankali a bakinsa ba. Mutumin da ke cinye kwano shi kaɗai." Ya juya kofinsa. "Kakata ta ce lokacin babbar yunwa, shekarun da dankalin ƙasar nan duk ya ruɓe, da gidan gajiyayyu ya cika, an rufe ƙofa. Waɗanda ba su samu shiga ba a bayan katangar nan suka zauna. A nan kuma aka zuba gawarwakinsu."

"Ita take kawo cutar?"

"Haba, Dervla. Iska ke kawo cuta, da ruwa, da ragwayen da ba sa feshi." Ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. "Ita nema take yi. Ina ganin ba ta san hannunta ne ke ruɓar da abin da ta taɓa ba."

Washegari da azahar na koma, don na kasa zama a gida. Hazon bai tashi ba. Na tarar da Fintan zaune a kan kifaffen bokiti, hularsa a gwiwa. Matar ta bar bakin katanga, ta shigo lambunsa. Ta gama da kunya biyu tana kan ta uku. Duk inda ta wuce, koren ganyen nan da ya yi wa feshi sau huɗu ya kwanta baƙi, ga ramuka jere, ga ruɓaɓɓen dankali an ajiye ɗaya bayan ɗaya a gefen kowane rami.

"Ba za ka hana ta ba?"

"In ce mata me? Nawa ne?" Ya juya hular a gwiwarsa. "Bar ta. Wataƙila ta samu ɗaya."

Na tsaya ina kallonta tana zarowa, tana matsawa, tana ajiyewa. Shekara talatin na yi ina ciyar da 'ya'yan mutane, ban taɓa miƙa wa mai jin yunwa ɗanyen abu ba sai jiya. Na ce wa Fintan ya jira ni.

A gida na wanke dankali goma sha biyu na dafa su da ɓawonsu har suka tsage. Na tsiyaye ruwan, na jefa man shanu da gishiri, na rufe tukunyar na naɗe ta da tawul. Ina tuƙi ina jin zafinta a cinyata.

Da na iso ta kai kunya ta biyar. Na nufe ta kai tsaye. Na durƙusa gabanta cikin laka, na buɗe murfin. Tururi ya tashi tsakaninmu.

Ta daina tono. Ta daɗe tana kallon tukunyar. Sannan ta sa yatsa ɗaya ta taɓa na sama, ta janye da sauri, ta jira. Ni ma na jira. Dankalin yana nan fari, man yana narkewa a tsagarsa.

"Da zafinsa," ta ce.

"Ɗauki duka. Kai wa yaran."

Ba ta ci ko ɗaya ba. Ta rungumi tukunyar cikin mayafinta ta miƙe, sai na ga ashe ba ta kai kafaɗata ba. Hannunta ya gogi nawa, sanyinsa ya ratsa ni har gwiwar hannu. Ta bi ta wata ɓaraka a katangar ta shiga hazo, muna jin ta tana kira.

"Peadar! Onora! Manus! Sabina! Ku taso, ku taso!"

Ta sake kira, can nesa. Fintan ya kama hannun rigata. Mu biyu muka kasa kunne.

Daga bayan katangar, ƙasa-ƙasa, wani yaro ya yi tari. Sai wata siririyar murya ta amsa. Muka jira ta uku da ta huɗu har hazo ya jiƙe mana gashi, ba mu ji ba.

"Biyu," in ji Fintan.

"Wataƙila sauran barci suke yi."

"Wataƙila."

Ran Litinin iska ta juyo daga arewa, rana ta fito, cutar ta tsaya. Fintan ya tsira da kunya ɗaya da rabi. Nawa na bar su mako biyu a ƙasa kafin na tona, rabi suka fito lafiya. Tumatir kam ko ɗaya ban ci ba.

Ranar da nake tonon, Fintan ya kira ni bakin katanga ya nuna mini da sandarsa. Tukunyata ce a kife a kan duwatsu, tawul ɗin a ninke a ƙarƙashinta. An goge ta da yashi ciki da waje, har baƙin gindinta na shekara da shekaru ya fita. Na ɗaga ta. A ƙarƙashinta an nannaɗe dankali biyu a ganye, dafaffu, ba a taɓa su ba, rabon yara biyun da ba su amsa ba.

Fintan ya cire hula. Ya karɓi shebur daga hannuna, ya tsallaka ɓarakar da ƙyar saboda gwiwarsa, ni kuma na bi shi da dankalin biyu a tafin hannuna, mu je mu binne su.