Abin da Ya Sa Ƙarangiya Ke Ajiye Jita

Mu huɗu ne muka kafa ƙungiyar kiɗa ta Ƙarangiya a unguwar Cheetham Hill ta Manchester, cikin siton da baban Safwan ke ajiye dilolin atamfa. Ni Shifa ke riƙe makirfo, Safwan da Bara'u na kan jita, Jedidiah kuma, ɗan wani fasto mutumin Jos, shi ke dukan ganguna kamar sun zagi ubansa. Turawa na kiran irin kiɗanmu post-hardcore. Mahaifiyata kuwa cewa take yi ƙoshi ne kawai ke damunmu.

Ranar Lahadi da yamma muke wasa, don babu wanda iyayensa za su bari ya kai dare a waje. Magariba kuwa ba ta jiran kowa. Da lokaci ya yi, ko muna tsakiyar waƙa ne, Safwan da Bara'u sai su jingina jitocinsu da lasifika su bar su suna kuka, mu uku mu zagaya bayan diloli mu yi salla. Jedidiah ya zauna shi kaɗai yana buga ganga ɗaya a hankali don kada 'yan kallo su watse. Mu idar, mu dawo, mu ɗora daga inda muka tsaya. Iyakar abin ke nan.

Mun watse da daɗewa. Karatu ya ja wannan, aure ya ja wancan, ni na ƙare a kantin magani. Ba mu bar faifai ba, ba mu bar hoton kirki ba. Amma ɗabi'ar nan tamu ta bi gari. Yau makaɗa daga Manchester har Birmingham suna ajiye jita a tsakiyar waƙa su fice, har sun raɗa wa abin suna, the gap, wato giɓi. Na taɓa ganin wasu yara sun yi haka a Selly Oak ta Birmingham, na leƙa baya na tarar sigari suke zuƙa. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Bara wani Bature mai suna Callum ya nemo ni. Fim yake haɗawa a kan tarihin kiɗan, ya bi diddigi har ya gano daga wurinmu abin ya faro. Niyyata in ce ya kai kasuwa, sai Jedidiah ya kira ni. Yanzu a unguwar Ladywood ta Birmingham yake zaune, ciwon karkarwa ya kama masa hannuwa, ko cokali da ƙyar yake riƙewa.

Ya ce, "Shifa, please, ki je. Ni bakina ma rawa yake a gaban camera. Yarana gani suke bus kawai na tuƙa a duniya. Ina so su ga sunana ko sau ɗaya."

Na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Callum ya zaunar da ni gaban fitilu, ya tambaye ni me ya sa muke ficewa. Kafin in buɗe baki ma ya ba ni amsa: wai bore muke yi, muna hana 'yan kallo abin da suka zo nema don su farka.

Na ce, "Salla muke zuwa yi."

Ya yi dariya, ya ga ni ban yi ba, sai ya kashe na'urar ɗaukar hoton. Ya kwantar da murya ya ce masu son kiɗan nan ba sa shiri da addini, kuma fim ɗin gaba ɗaya a kan bore ya gina shi. Idan ban faɗi yadda yake so ba, babu inda zai saka Ƙarangiya. "Just one line," in ji shi.

Raina ya ɓaci matuƙa. A gida an ce mun bi kiɗan shaiɗan, a waje an tofa wa ɗankwalina yawu, duk mun shanye ba mu saki ko ɗaya ba. Yanzu kuma wanda ko warin siton nan bai taɓa ji ba zai koya mini abin da na yi? Amma hannun Jedidiah yana cikin raina, kuma jimla ɗaya ce tak. Na ce ya kunna.

Ya kunna. Na kalli na'urar na ce, "Magariba muke zuwa yi, mu uku. Abokinmu Kirista, Jedidiah, shi ke tsare mana jama'a har mu idar."

Callum ya fara naɗe wayoyinsa.

Daga nan na wuce Ladywood. Na tarar da Jedidiah a falo ya sa sabuwar riga, ya tara yaransa suna jiran labari. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Jed, ba ma cikin film ɗin. Ni na jawo." Na faɗa masa komai ban rage ba.

Ya kalli hannuwansa. Sannan ya ɗago ya dubi babbar 'yarsa.

"Kin ji ko? Da ta yi masa ƙarya, da ni zan bi shi har gida in ƙaryata ta. Ban zauna ina buga gangar nan don wani bore ba. Mutanena nake jira."